Yadda Ake Kare Gida Daga Mahaukaciyar Guguwa da Ambaliya

Iska da ruwa sukan zo tare, amma ba dabara ɗaya ake yi musu ba. Iska tare ta ake yi: a ɗaure rufi, a toshe kowace kafa, a hana ta shiga ɗaki. Ruwa kuwa ba a kokawa da shi. Kauce masa ake yi, ko a ba shi hanya, in ya kai wani tsayi ma a ƙyale shi ya shiga ya fita don kada ya ture bango. Asara mai yawa daga rikita waɗannan biyun take tasowa. Wani zai buɗe taga wai don iska ta wuce, wani kuma ya dage sai ya tare ruwan da ya kai ƙirji da buhunan yashi.

Lissafi biyu ya kamata ka riƙe tun daga farko. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna bango da shi ninkawa huɗu yake yi. A ma'aunin Saffir-Simpson, wanda ake auna ƙarfin guguwar teku da shi, guguwa ta mataki na ɗaya tana farawa daga kilomita 119 a awa, ta mataki na biyar daga 252, ka ga ƙarfin ta biyun ya haura ninki huɗu na ta farkon. Ruwa kuma, wanda zai cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗaya-ɗaya ne, nauyinsa tan guda ne cur.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin matakan kare gida da ke tafe, bakwai na farko duk aikin lokacin da sama take garau ne. A Tekun Atlantika lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, a kudu maso yammacin Tekun Indiya kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Inda babu guguwar teku, farkon damina shi ne wa'adinka.

Mataki na 1: Gano inda ruwa zai kai

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka san ta ina ruwan zai zo maka, don iri uku ne. Akwai tumbatsar teku, wadda iska ke turowa kan tudu. Ita ce mafi muni ga mazauna gaɓa, kuma babu gyaran gida da ke maganinta sai ɗaga gini ko barin wurin. Akwai cikar kogi ko fashewar shingen da ya tare shi: a shekarar 2005, da guguwar Katrina ta karya shingayen New Orleans a Amurka, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya shiga ruwa. Sai ruwan sama da ya fi ƙarfin magudanai, wanda kan ci gidan da ko rafi babu kusa da shi. Guguwar Harvey a 2017 ta zubar da fiye da milimita 1,500 a wasu sassan Texas cikin 'yan kwanaki.

Nemi taswirar ambaliya in hukumar yankinku tana da ita. Tambayi waɗanda suka daɗe a unguwar inda ruwa ya taɓa tsayawa a shekara mafi muni, ka kuma duba tsofaffin katangu, don ruwa kan bar shatinsa a jiki. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, fita ka zaga gidan ka ga inda yake taruwa da inda yake bi. Daga nan sai ka ja layi a bango daidai tsayin da ya taɓa kaiwa, ka ƙara santimita 30 zuwa 60 a kai, tunda sababbin gine-gine da tituna na ƙara yawan ruwan da ke gangarowa. Wannan layin shi za ka riƙa komawa gare shi a sauran matakan.

Mataki na 2: Ɗaure rufi tun daga kwano har ƙasa

Nan ne ya kamata mafi yawan kuɗinka da hankalinka su tafi. Mutane na ɗauka iska danna rufi take yi. A'a, tsotso shi take yi sama, kamar yadda take fizge laima daga hannu. Rufin da aka ɗora don ya zauna da nauyinsa kawai, ko ƙusar da aka buga a tsaye daga sama, ba su da abin da za su ce wa ƙarfin da ke ja sama.

Bayan guguwar Andrew ta 1992 a kudancin Florida, masu bincike sun tarar da gidaje da yawa da aka yi wa rufinsu ɗaurin ganin-dama, wasu ƙusoshin ma ba su sami katakon da ke ƙarƙashinsu ba. Abin da ya sa jihar ta tsaurara dokar gini ke nan, har ta fito da ta bai-ɗaya da ta fara aiki a 2002. Ginshiƙin dokar abu ne mai sauƙin fahimta: kowane sashe a ɗaure shi da na ƙasansa, ba tare da an tsallake gaɓa ko ɗaya ba. Ga yadda za ka bi gaɓoɓin, kai da kafinta, ta cikin silin da kuma ta sama.

Kwano da katakon da ya hau. Ƙusa mai santsi tana zarewa in iska ta yi ta girgiza kwano. Sukuru mai roba a wuya ya fi, in babu sai ƙusa mai murɗaɗɗen jiki da faffaɗan kai. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudun kwano ɗaya, amma a baki da kusurwoyi da ƙololuwa sai a buga a kowane tudu, domin a nan iska ke fara ɓanɓara. Kwanon da ya cika siranta yagewa yake yi ya bar ƙusar a wurinta, don haka arhar kwano ba arha ba ce.

Katakon kwano da rafta, sannan rafta da katakon kan bango. A nan langa-langa take aiki, ko ƙarafan ɗauri da ake ƙerawa musamman don guguwa. A naɗe ta bisa raftar, a sauko da ita ta gefe biyu, a buga ƙusoshi ta gefe yadda iska za ta nemi yanke su maimakon zare su. Kowace rafta za a yi wa, ba a tsallake-tsallake ba. In ƙarfen na da ramuka shida, a cike shidan.

Katakon kan bango da bangon kansa. Wannan gaɓar aka fi mantawa, kuma ita ce ke sa rufi ya tashi ɗungurungum ya sauka a gidan wasu. A sabon gini, a zuba linta mai rodi ta zagaye ginin gaba ɗaya, a dasa noti ko rodi a cikinta a kama katakon da shi. A tsohon gini, magini zai iya huda bango layi biyu ko uku ƙasa da baki, ya zura ƙarfe ya ɗauro raftar. Ɗaurin da aka yi a bulon ƙarshe kawai, da bulon zai tafi.

Yayin da kake sama, soka katakon da sukudireba. In ya nutse, gara ko ruɓa ta cinye, kuma ɗauri a kan ruɓaɓɓen katako ɓata ƙarfe ne. Duba tsatsa a bakin ƙusoshi, musamman kusa da teku inda gishiri ke cin ƙarfe da sauri.

In sabon rufi za ka yi, siffarsa ma tana da tasiri. Mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, kuma gangarar da ta kai wajen digiri 30 ta fi wadda ta kusa kwantawa. Kada bakin rufi ya zarce bango da fiye da rabin mita. Rumfar baranda ko ta mota a yi mata nata rufin daban, don in iska ta ɗauke ta kada ta ja na ɗaki. Mai gangara biyu kuma a tokare bangon nan mai kusurwa uku ta ciki, shi ne ke fara faɗawa. Duwatsu da tayoyin da ake jibgawa kan kwano suna taimakawa a ƙaramar iska, amma a babba su ne ke zama abin jifa. Ban ga dalilin dogara da su ba alhali langa-langa na nan.

Mai rufin kankare shi damuwarsa indararo ce. Ruwa mai zurfin santimita 10 a rufin da faɗinsa murabba'in mita 100 ne ya kai tan goma. A share mafitar ruwan, a kuma huda wata ta ko-ta-kwana sama da ita kaɗan.

Mataki na 3: Tagogi da ƙofofi

Da zarar taga ɗaya ta fashe a ɓangaren da iska ke bugowa, iskar za ta cika ɗaki ta riƙa tura rufi daga ciki, ta waje kuma tana ja. Rufin da zai iya jure ɗaya sau da yawa ba ya jure biyun. Shi ya sa batun buɗe taga don "daidaita iska" kuskure ne. Haka ma manna salatif a gilashi: ba ya hana shi fashewa, sai dai ya sa ya fashe manya-manya.

In da hali, a sa murfin taga na ƙarfe ko gilashin da aka yi don jure duka. In babu, falankin filawud mai kaurin milimita 16 ya wadatar. Auna kowace taga, ka yanka falankin ya zarce ta da santimita 10 ta kowane gefe. Huda ramukan tun yanzu, ka dasa maɗaurai a jikin bangon kansa, ba a firam ɗin taga ba. Rubuta wa kowane falanki sunan tagarsa, ka ajiye su wuri mai bushewa tare da sukurorinsu. Ka gwada ɗora su sau ɗaya, don ka san ko aikin mutum ɗaya ne ko na biyu.

Ƙofar waje tana son maɗauri uku da sakata mai shiga bango sosai. Mai ƙyaure biyu a sa wa ɗayan sakata sama da ƙasa. Ƙofar gareji saboda faɗinta ita ce ta fi rauni, sai a tokare ta da ƙarfe ko katako a tsaye ta ciki.

Mataki na 4: Harabar gida

A sassabe rassan da suka rataya kan rufi da wayar wuta, a sare bishiyar da ta mutu ko ta karkata. Tankin ruwa, farantin sola, eriya da tukunyar gas duk a ɗaure su da noti. Tankin da babu komai a cikinsa iska na ɗauka, ruwa ma na ɗauka, don haka a cika shi kafin guguwa. Doguwar katangar da ba ta da ginshiƙai a tsakani a ƙara mata.

Mataki na 5: Ba ruwa hanya

Ƙasar da ke jikin gini ta gangara waje, aƙalla santimita 15 a cikin mita uku na farko. Bututun da ke sauko da ruwan rufi ya zubar nesa da fandisho da kamar mita ɗaya da rabi. A yashe kwata da kwalbati kafin ruwa ya fara, a sake dubawa a tsakiyarsa. Kada ka shafe harabar gida kaf da siminti. Duk inda ka bar ƙasa ko ciyawa ko tsakuwa, ka rage ruwan da zai nufi ƙofarka.

Ruwa kan shigo ta ƙasa ma. In magudanar gari ta cika, ƙazanta na iya dawowa ta masai da makwararar banɗaki. Akwai bawul mai barin ruwa ya fita ya hana shi dawowa, mai aikin famfo zai sa shi a babban bututu. Bakin rijiya a ɗaga shi sama da layinka, a yi masa murfi.

Ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa. In ruwa ya kwanta a jikinsa, ƙasan ta jiƙe ta saki, saman ya biyo. A yi masa gindi na dutse ko bulon siminti har sama da layin ruwa, a yi dakali mai gangara ya zagaye shi, a riƙa sabunta yaɓe.

Abu ɗaya da ba a cika son ji ba: katangar da ka gina ta kare ka, maƙwabcinka ta tura wa ruwan, kuma magudanar da ta toshe gida biyar gaba da kai ruwanta kanka zai dawo. Wannan matakin da mutanen layi ake yin sa.

Mataki na 6: Ɗaga abin da zai ɗagu

Mai sabon gini ya ɗaga daɓen ɗaki sama da layin, ko da cikon ƙasa da aka daddanne ko a kan ginshiƙai. In a kan ginshiƙai ne, kada a toshe ƙarƙashin a mayar da shi ɗakin kwana. In an kewaye shi, a bar kafofi a bango biyu aƙalla, ƙasansu bai wuce santimita 30 daga ƙasa ba, don ruwa ya shiga ya fita, nauyinsa ya zama ɗaya ciki da waje.

A tsohon gida, sa mai aikin lantarki ya ɗaga soket da mita da akwatin fis sama da layin, wayoyin su sauko daga sama maimakon su taso daga ƙasa. Janareta, batiran sola, injin famfo da firji a yi musu dandamali. A hawan ƙasa, tayil da siminti sun fi kafet da katako, don ana wanke su a ci gaba da zama. Maganin ƙwari, fetur da fenti a kai su can sama, kada su gauraya da ruwan.

Mataki na 7: Takardu da inshora

Ɗauki hoton kowane ɗaki da kayan da ke ciki, ka ajiye a intanet. Takardun gida da na shaida a sa su a leda mai rufewa, a wuri mai tsayi da za a iya ɗauka da gudu. Mai inshora ya karanta takardarsa da kyau, domin ɓarnar iska daban, ta ambaliya daban. A Amurka, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya, kuma inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 da saye kafin ta fara aiki.

Mataki na 8: In an yi gargaɗi

Hukumomin yanayi kan ba da sanarwa da sauran lokaci. A Amurka ana fara jan kunne awa 48 kafin iskar ta iso, gargaɗi na sosai kuma awa 36. Fara da falankan tagogi, don ba a hawa tsani da falanki a hannu in iska ta taso. Kwashe duk abin da ke waje: kujeru, bokitai, kwanon da ya rage daga gini. Tanadi ruwan sha lita huɗu ga kowane mutum a rana, na kwana uku aƙalla, da magunguna, tocila, rediyo mai batir, da waya cike da caji. Kai mota kan tudu.

Sai buhunan yashi. A cika su rabi ko sama da rabi kaɗan, don cikakken buhu ba ya kwantawa ya toshe kafa. Shimfiɗa leda mai kauri a jikin ƙofa, ka jera buhunan a kai, kowanne ya danne bakin na bayansa, layi na biyu ya hau kan mahaɗar na farko, kana tattakawa. Toshe masai da makwararar banɗaki da buhu ɗaya-ɗaya. Amma ka san iyakarsu: rage ruwa suke yi, ba sa hana shi ɗungum, kuma na ruwa mara zurfi ne. In ruwan waje ya haura kamar santimita 60 alhali ciki a bushe yake, nauyinsa na iya tsaga bangon gida ko ya ture shi. A nan gara daɓe ya jiƙe da bango ya faɗi.

Kashe wuta daga babban makunni da gas tun ruwa bai shigo ba. In ya riga ya shigo, kada ka taɓa akwatin wuta kana tsaye a ciki.

In hukuma ta ce a tashi, a tashi, da rana kuma tun hanya na biyuwa. A guguwar teku ruwa ya fi iska kisa. Guguwar Idai da ta faɗa wa Beira a Mozambik a watan Maris na 2019 ta kashe mutum fiye da dubu a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, kuma ambaliya da zaftarewar ƙasa ne suka yi ɓarna mai yawa, har a garuruwan da ke nesa da teku. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota.

In zama ya kama, a shiga ɗakin tsakiya mara taga, da katifa a kusa don kare kai. In iska ta ɗauke ɗif, kada a fita. Wataƙila idon guguwar ne ke wucewa, wato tsakiyarta inda iska ke lafawa, kuma iskar za ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. In ruwa na hawa, a hau bene ko kan rufi, kada a shige cikin silin da ba shi da mafita.

Mataki na 9: Bayan ta lafa

Kada ka shiga sai ka zaga ta waje. Sabuwar tsaga, bangon da ya karkata, ƙasar da ta zaizaye a gindin fandisho, silin da ya yi ciki, ko ƙofar da ta daina rufuwa, kowanne dalili ne na kiran injiniya tukuna. Duk wayar da ta faɗi ka ɗauka da wuta a jikinta. In ka ji warin gas, fita, kada ka kunna komai. Shiga da tocila da takalmin roba da safar hannu, kana lura da macizai, don su ma tudu suka nema.

Janareta a waje yake zama, mita shida aƙalla daga ƙofa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma bayan kowace babbar guguwa sai an sami waɗanda ta kashe cikin barci bayan sun tsira daga guguwar kanta.

Ɗauki hotunan ɓarnar kafin ka taɓa komai. Rufe inda rufi ya yaye da tampol, a danne bakinsa da katako da ƙusa. Kwashe laka tun tana ɗanya. Fumfuna na fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48, don haka katifa da kafet da duk abin da ya sha ruwan ambaliya kuma ba zai wanku ya bushe da wuri ba, a fitar da shi. A wanke daɓe da bango da sabulu, sannan a bi da ruwan bilic, tagogi a buɗe, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, rijiyar da ambaliya ta shiga kuma sai an yashe ta an zuba mata kulorin. Mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya riƙa zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan a rana, domin in ya kwashe shi lokaci guda, jiƙaƙƙiyar ƙasar waje za ta turo bangon ciki.

Wuta ba za a mayar ba sai mai lantarki ya duba wayoyi da soket. Fenti da filasta kuma a dakata musu. Bangon bulo kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe har ciki. Ga hanyar gwadawa: manna ƙyallen leda a jikinsa, ka like gefunan, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ka ga raɓa a bayanta, da sauran ruwa a bangon, kuma duk fentin da aka shafa a haka ɓarewa zai yi.